Rufin Marsandi da ya ƙi sauka: daga hunturu zuwa ruwan fari

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau na sayi littafi na fara rubuta aikin nan, don makanikai uku sun riga sun taɓa motar, kowa da abin da ya faɗa, har na fara manta wa ya ce me.

Marsandi ce, SLK 230 Kompressor ƙirar 2001, mai kujera biyu, irin wadda rufinta na ƙarfe ke naɗewa ya shige but. Ta kawuna ce. Daga Kwatano ya sayo ta lokacin yana ji da kansa, ya ci zamaninsa da ita, daga baya ciwon gwiwa ya hana shi shiga mota mai zaman ƙasa irin wannan. Ta kusa shekara uku a gindin mangwaro a gidansa da ke Rikkos a Jos, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Bara ya miƙo min makulli ya ce, "Ɗauke min ita daga nan. In ka tashe ta, taka ce." Injin bai wahalar da ni ba: batir, famfon mai, fulogi, juyen baƙin mai, ta tashi. Rufin ne ya ce ban isa ba.

Ga yadda ya kamata abin ya tafi, kamar yadda littafin motar ya nuna kuma Kawu ya tabbatar. Akwai jan maɓalli a tsakanin kujerun, bayan giya. Ka ja shi baya ka riƙe. Gilasan gefe su sauka, ƙugiyoyin da suka kama rufin a saman gilashin gaba su saki, murfin but ya ɗaga ta baibai, wato bakinsa na kusa da kujeru ne ke tashi, rufin ya karye biyu ya kwanta a ciki, murfin ya dawo ya rufe. Kamfani ya ce daƙiƙa 25 ake yi. Duk wannan aikin famfo ɗaya ne ke yin sa, yana ɓoye a but ta hannun dama, yana tura mai zuwa silinda biyar: ɗaya a cikin rufin mai buɗe ƙugiyoyi, biyu masu ɗaga rufin, biyu masu ɗaga murfin but.

Ni kuwa in na ja maɓallin, jar wuta ce kawai ke ƙyafta min ido. Ko gilashi bai motsa ba.

Makanike na farko ya ce kwamfutar motar ce ta ƙone. Na biyu ya ce famfo ne. Na uku ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Oga, me zai hana a yi masa walda kawai a huta?" Na yi masa godiya na tafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Abin kunya, amma tunda na ce zan rubuta komai, bari in rubuta. A cikin but akwai wani labule da ake jawowa a maƙala, kamar labulen taga mai naɗewa. Shi ke raba inda kaya za su zauna da inda rufin zai kwanta. In ba a jawo shi an maƙala ba, akwai ɗan makunni da ba zai dannu ba, motar kuma ba za ta yarda ta fara komai ba, don a ganinta but cike yake da kaya. Kuma gaskiyarta: rabin buhun dankalin turawa ne a ciki tun ranar Alhamis da na biya ta Farin Gada, labulen kuwa ban taɓa sanin amfaninsa ba. But ɗin lita 348 ne in rufi na sama, in ya sauka sai ya koma 145. Dankali da rufi ba sa zama wuri ɗaya.

Na sauke buhun, na maƙala labule, na ja maɓalli. Gilasai suka sauka! Famfo ya ɗauki kuka daga baya, wani siririn kuka kamar injin markaɗe da ba a zuba masa komai ba. Sai kuma shiru, babu abin da ya ƙara motsi. To aƙalla kwamfuta ba ta ƙone ba, famfo ma na da rai. Makanikai biyu sun faɗi ke nan a rana ɗaya.

Na cire kafet ɗin gefen dama na haska tocila. Tankin man ɗan ƙarami ne na roba mai shara-shara, manne da famfon, da layi biyu a jikinsa. Man ya yi ƙasa da layin ƙasa sosai. Ɗan abin da ya rage kuma ja ne.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tun da na karɓi motar nake ganin wani tabo a silin, daidai saman madubin tsakiya, na ɗauka ruwan sama ne ya taɓa shiga. Ranar Laraba uwargida ta shiga da farin mayafi za mu gaisuwa Anguwar Rogo, muka sauka da ɗigon mai a kafaɗarta. Ba sai na faɗi abin da na ji a hanyar dawowa ba. Ta dai ce, "Maigida, motar da ke yi wa mutum fitsari a ka, ai sai ku." Na shafa silin ɗin da yatsa, ya yi taushi kamar burodin da ya sha shayi.

Yau na kai ta garejin wani da na saba da shi a Farin Gada, ba don ya gyara ba, don in ari hannu da inuwa. Akwai wata 'yar marfi a silin, in ka ɓalle ta za ka ga ramin da ake sa alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance sukuru, a buɗe ƙugiyoyin da hannu. Muka buɗe, muka ɗan ɗaga bakin rufin muka tokare da guntun katako, sannan muka kwance silin ɗin. Da muka sauke shi sai da mai ya tsiyayo a hannun rigata. Ga silindar nan kwance a tsakiya, ba ta fi tsawon tafin hannu ba, sandarta siririya kamar fensir, bakin duk ya jiƙe. Na sa yaron gareji ya ja maɓalli na daƙiƙa biyu, muka ga man yana fitowa ta gefen sandar yana sheƙi.

Nan muka yi musu. Maigidan garejin ya ce a cika tankin da man birki, ai duk haidirolik ne. Na ce a'a. Man birki ba daga ɗanyen mai ake yin sa ba, robobin da aka yi don man ma'adini kuwa in suka sha shi kumbura suke yi su lalace, ga shi yana cin fenti. A zuba shi yau, nan da wata biyu silinda biyar ɗin su tashi aiki gaba ɗaya. Ya ce shekararsa ashirin yana wannan sana'a. Na ce na sani, Oga, amma motar tawa ce. Muka yi dariya aka bar maganar, sai dai na lura bai ƙara sa min hannu ba har na tafi.

Jan man da ke ciki man giya ne, ko shakka babu. Na kira Kawu na tambaye shi. Ya yi shiru, can ya ce, "Wani yaro ne ya ƙara min, ya ce duk ɗaya ne."

Laraba, 19 ga Fabrairu

Man da Marsandi ta rubuta wa wannan rufin sunansa ZH-M, lambarsa a wurinsu A 000 989 91 03. Kamfanin Febi ma na yin sa, lamba 02615, kalarsa ruwan ɗorawa mai haske. Na shiga Dilimi da lambar a rubuce a takarda, na bi shago ya fi goma. Kowa sai ya karɓi takardar ya duba, ya shiga ciki, ya fito da man sitiyari. Wani ya kawo min koren mai ya rantse shi ne. Koren nan na wasu motocin ne daban, ba shi aka rubuta ba. A ƙarshe ƙanena da ke Abuja ya samo lita ɗaya a Apo, ya ba direba, na karɓa yau da yamma. Na duba hatimin murfin sau uku kafin na yarda.

A Dilimi wani dattijo mai sayar da kayan Fijo ya ja ni da hira, ya ce wannan rufin duk wayon Jamus ne na banza, mota ita ce 504. Ban yi masa musu a kan 504 ba, wa zai yi? Amma na gaya masa Fijon nasa ne ya fara wannan wayon: tun shekarun 1930 suka fitar da mota mai suna Eclipse wadda rufinta na ƙarfe ke shigewa but, wanda ya ƙirƙiro dabarar kuma likitan haƙori ne a Faransa, Georges Paulin. Ford ta gwada a Amurka daga 1957 zuwa 1959 ta bari. Marsandi ta dawo da abin da SLK a 1996, Fijo ta sake biyo baya da 206 CC. Ya ce, "To ka gani, ashe namu ne." Ya rage min kuɗin kilif ɗin silin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace daɗi zuwa yanzu.

Sabuwar silinda sai an yi oda daga waje, kuma tana zuwa ne da tiyonta biyu a manne, dogaye, da suka bi ta cikin rufin, suka gangara ta gefe har zuwa famfo. Kuɗinta da na kawowa, a canjin dala na yanzu, ba na malamin makaranta ba ne. Ta Beljiyam kuma shekarunta ɗaya da tawa, ba cinya ba ƙafar baya. Abin da ya lalace roba ce da ba ta kai girman zobe ba. Sai na tuna garin nan garin kuza ne, kuma inda ake haƙa akwai katafila, inda ke da katafila akwai mai gyaran haidirolik.

Aka kwatanta min wani tsoho a Bukuru. Rumfarsa ta langa-langa ce, gaban ta silindojin tifa da na katafila a jibge, wata ta fi ni tsawo. Na gaishe shi na ce, "Baba, wani ɗan aiki na kawo, kada ka yi min dariya." Ya leƙa cikin motar, ya gyara tabarau, ya ce, "Wannan ce silindar? Ɗana, wannan ai jikar silinda ce."

Bai cire tiyo ko ɗaya ba. Ya kwance silindar daga mazauninta ya bar ta tana lilo, ya sa aka shimfiɗa tsohon buhu a kan kujeru. Bakinta a daƙe yake, ba a yi ta don a buɗe ba. Ya ɗauki wata 'yar zarto ƙarama da ya ce ta gyaran agogo ce, ya dinga gurzar leɓen a hankali, yana hurawa, yana juyawa, ya fi minti arba'in bai ce uffan ba. Da marfin ya fito, ya sa tsinken ashana ya zaƙulo sil ɗin, wato robar da ke tare mai, a tafin hannunsa. Ba ta fito a zobe ba. Gari-gari ta fito, kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Ya murza da yatsa ya nuna min ya ce, "Ka ga wannan? Ba wanda ya ɓata ta. Shekaru ne da zafin rana. Rufi yana shan rana, ita kuma tana ƙarƙashinsa tana dahuwa."

Na zo da 'yan zobban roba da na saya a Dilimi, irin masu zagaye. Ya kalle su ya mayar min. Ya ce waɗannan za su riƙe na ɗan lokaci, amma sandar da ke shiga tana fita sil mai leɓe take so, irin wadda in mai ya matsa ta sai ta ƙara buɗewa ta kama sandar. Ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara cike da sil kala-kala, ya auna sandar da awonsa, ya zazzage gwangwanin a faranti yana tonawa kamar mai tsintar shinkafa. A ta huɗu aka dace. Ya shafa mata sabon man, ya zura, ya mayar da marfi, ya daddaƙe leɓen da ƙusa mai kaifi wuri shida. Sannan ya bi sandar da farce daga sama har ƙasa yana neman kurji, ya ce lafiya lau take.

Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar ya ce, "Silinda nawa ka ce?" Na ce biyar. Ya ce, "To abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Rana ɗaya aka haife su. Za ka dawo." Na ce in sha Allahu sai dai ziyara.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Na ce bari in yi aikin bayan la'asar ya ɗebe min kewar jiran magariba. Kuskure na farko ke nan.

Na zuƙe jan man da babbar sirinji da siririn tiyo, na zuba sabo har tsakanin layukan. Ba a buɗe wani noti don fitar da iska a wannan tsarin, da kansa yake fitarwa in rufin ya yi ta hawa da sauka. Na ja maɓalli. Gilasai suka sauka, na ji "ƙas" a saman kaina, ƙugiyoyi suka saki. Murfin but ya tashi yana rawa-rawa, rufin ya ɗaga yana tsayawa yana tafiya kamar mai ciwon baya, ya naɗe, ya kwanta. Sararin samaniya ya bayyana a kaina a karon farko. Yaran maƙwabta suka hau tafi.

Murfin but kuma ya tsaya a sama bai sauko ba.

Na saki na sake ja. Shiru. Na tura gaba, rufin ya taso ya rufe, murfin ya sauka lafiya. Na sake buɗewa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na yi ta maimaitawa, wajen sau bakwai, ina fatan iska ce. A na takwas famfon ya yi wani nishi ya mutu, rufin na cikin but, murfin na tsaye kamar tutar makaranta. Na taɓa famfon, ya yi zafin da ba a riƙewa. Kuskure na biyu: duk wannan abin injin a kashe na yi shi, batir kaɗai ke ɗauka. Na murza makulli, ko tari ba ta yi ba.

Aka kira salla muna tsaye ni da maƙwabcina a kanta. Muka sha ruwa da dabino a tsaye, muka yi salla, muka dawo da tocila. Akwai wani sukuru a jikin famfon da ake sassautawa da alanki don man ya saki. Da na sassauta, muka tsaya ɗaya dama ɗaya hagu, muka ciccibo rufin daga but tare. Wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma dole hannu ya tafi daidai, in gefe ɗaya ya riga ɗaya ƙarafan na iya karkacewa. Yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Muka kai shi gaba, na kulle da alanki ta silin, muka danna murfin but, na ɗaure sukurun. Kunun da aka ajiye min ya riga ya yi sanyi.

Ga wanda zai gwada: kada ka sa hannu ko kai cikin ƙarafan nan rufin na tsaye a rabi. Mai ne ke riƙe da shi, in man ya saki saukowa yake yi, ba ya sallama. A tokare da katako tukuna.

Asabar, 8 ga Maris

Kwana shida ina juya abin a raina, har na fahimci inda na yi ta ɓata. Ni ina kallon rufin a matsayin abu ɗaya, wai ya lalace ko bai lalace ba. Motar kuwa ba haka take ganinsa ba. Mataki-mataki take tafiya, kuma ba ta ɗaga ƙafa sai wani ɗan makunni ya kawo mata rahoto cewa matakin baya ya kammala: labule na maƙale, ƙugiya ta saki, murfi ya kai sama, rufi ya kwanta. Inda ta tsaya, nan ne rahoto bai iso ba. Tunda rufin na kwanciya murfin ya ƙi sauka, amma yana sauka lafiya in rufin ya koma gaba, to silindojin murfin ba su da laifi. Wanda zai ce "rufi ya kwanta" ne ya yi shiru.

Na kai wa wani mai waya a Dilimi da wannan bayani. Yaro ne matashi mai saurin hannu. Muka buɗe rufin, injin na aiki wannan karon, muka samo makunnin a cikin but inda ƙarfen rufin ke sauka a kansa. Ya cire soket, ya sa mita, ya danna harshen da yatsa, mita ta yi ƙara. Makunnin lafiya lau. Ya ce, "Alhaji, in haɗe wayoyin nan biyu kawai, yanzu ka tafi." Na ce in ka haɗe su, motar za ta riƙa jin rufi na kwance kullum, ko yana sama ko yana rabin hanya. Ko dai ta rikice ta ƙi komai, ko wata rana ta sauke murfi a kan gilashin baya. Ina zan samo gilashin bayan SLK a Jos? Ya sosa ƙeya ya ce haka ne kuma.

Muka bi wayar taku-taku a ƙarƙashin kafet. Kamar kamu biyu daga makunnin sai ga dunƙulen baƙin salatif, ya bushe ya yi ƙura. Da ya warware, wayar a tsinke take, an murɗa bakin biyu da hannu kawai, jan ƙarfen ya yi kore. Kusa da wurin ga kashin ɓera da ɓawon gyaɗa. Wato ɓera ya ci, wani ya ɗaura, damina uku ta gindin mangwaro ta ƙarasa. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya ƙara guntuwa, ya narka dalma, ya sa robar nan mai tsukewa in ta ji wuta.

Na ja maɓalli. Rufi ya kwanta, murfi ya sauko ya ce "tim", jar wuta ta mutu. Na tuƙa daga Dilimi har gida kaina a waje, 'yan keke na ta yi min hon.

Alhamis, 13 ga Maris

Na auna da agogon waya: daƙiƙa 29 da rana, 33 da sassafe in man ya kwana cikin sanyi. Na zuƙe man na sake zuba sabo karo na biyu, don ya gauraya da ragowar jan da ke cikin tiyo ya koma kalar lemo. Silin ya bushe, babu ɗigo. Batir ɗin bai farfaɗo sosai ba tun daren nan, na sa an yi masa caji.

Asabar, 22 ga Maris

Na koma Bukuru. Ba ziyara ba.

Ranar Laraba na ga man ya ɗan sauka daga inda na yi masa alama da biro. Na shimfiɗa kwali a ƙasan but ta ciki, gefe da gefe, na buɗe rufin sau biyu, da safe na duba. Na hagu ya yi tabo kamar girman naira ɗaya ta ƙarfe. Silindar murfin but ce ta hagu. Da can man na samun hanyar tsira ta gaba, yanzu da aka toshe can, ƙarfin famfon gaba ɗaya ya sauka a kan na baya, mai rauni a cikinsu ta fara sallamawa.

Baba bai ce "na gaya maka" ba, ya dai tambaye ni ya Doma. Na ce a yi biyun gaba ɗaya, hagu da dama. Wannan karon sai da aka cire su, tiyo da komai. Kowane tiyo da lamba a jikinsa, jikin famfon ma da lambobi a bakin ramukan, duk da haka na ɗauki hoto kafin a zare ko ɗaya. Ya ce in bar su in dawo Talata, da azumi ba ya aikin ido bayan azahar. Na dawo gida a motar haya, na bar tawa da but ɗaure da igiya a garejin maƙwabcinsa.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Salla. Talatar da ta wuce aka mayar da silindojin, babu tabo a kwali har yau.

Da yamma na je yi wa Kawu barka da Salla. Na faka a gindin mangwaron nan, na sauke rufin a gabansa. Ya tsaya da sandarsa yana kallo har murfin ya rufe, bai ce komai ba. Can ya ce, "Matsar da kujerar nan baya." Tunda babu rufi, ba sai ya sunkuya ba, ya dafa kafaɗata ya zauna daga sama. Ashe duk shekarun nan abin da ya raba shi da motar ke nan. Muka bi ta Lamingo, duwatsun Shere na gabanmu, iska na neman ɗauke masa hula yana dafe da ita da hannu ɗaya. Ya ce in ƙara wuta. Na ce Kawu, gwiwa fa. Ya ce, "Da gwiwa ake jin iska?"

A hanyar dawowa ya tambaye ni nawa na kashe. Da na faɗa masa ya ce ashe da ya sani da bai bayar ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi ruwa daren jiya, mai ƙarfi, irin na Jos da ke zuwa da iska. Da asuba na fita da tocila. But a bushe, silin a bushe, amma kujerar direba ta jiƙe ta gefen ƙofa, ruwan ya biyo ta kusurwar da rufi ya haɗu da ginshiƙin gilashin gaba.

Robobin bakin rufin ba su yage ba, bushewa suka yi, ƙurar hunturu ta cika lungunansu. Na wanke su da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, ruwan ya fito ja kamar na rafi. Na zura siririyar waya mai laushi cikin ramukan da ruwa ke bi ya fita, na zaro busasshen furen mangwaro da laka. Sannan na shafa musu man silikon. Ba basilin ba, ba giris ba, waɗannan suna sa irin wannan robar ta kumbura. Na rufe, na sa ɗana ya yi ta kwara ruwa da bokiti ina zaune a ciki. Ɗigo biyu a bokiti na uku, a wuri ɗaya. Na ajiye tawul a bayan kujera.

Saura manyan silinda biyu masu ɗaga rufin. Ba su fara yoyo ba, amma sandar ta dama ta ɗan yi danshi in na shafa da farin tsumma. Baba ya ce sil ɗinsu babu a gwangwaninsa, ya aika Panteka a Kaduna a duba masa. Man da ya rage a gora bai kai rabi ba, na gaya wa ƙanena ya sake leƙa Apo. Kwalin na nan a but, na canza sabo na rubuta kwanan wata a kai.